Saɓar Matiron

A duk benen nan mai hawa huɗu babu mai kiran matar da sunanta. Tsaf-tsaf ake ce mata, daga mai gadi har makwabta, kuma ba ta taɓa jin haushi ba, don a ganinta gaskiya aka faɗa. Ƙuruciyarta da ƙarfinta duk a ɗakin wankin asibiti suka ƙare. Zannuwan gado, rigunan tiyata, tawul, wanda ya sha jini da wanda ya sha abin da ya fi jini muni, duk ta hannunta suke bi su fito fes. Bilic ya cinye mata zanen yatsu ƙarƙaf, har ranar da aka ce ma'aikata su riƙa dangwala yatsa a na'ura kafin su shiga aiki, na'urar ta rantse ba ta ga mutum ba.

Mijinta, Allah ya jiƙansa, mai gyaran keken ɗinki ne, mutum mai haƙuri. Ya yi zaman aure da ita yana cire takalmi tun daga matakala, yana wanke baƙin man hannunsa a famfon ƙasa kafin ya kuskura ya taɓa ƙofar gidansa. 'Ya'yansu biyu, Yaya da Auta, sun tashi ne a gidan da ƙuda ke shiga bisa kuskure ya fita gawa. Akwai shekarar da ta ga kyankyaso ɗaya tak a kicin. Ranar sai da aka kwashe kwanuka da tukwane duka zuwa baranda, aka yi feshin da ya sa makwabta tari.

To wannan matar ce fa aka ce an gani a bakin titi, tsugune a gindin bishiya, tana tsintar ruɓaɓɓen ganye tana cusawa a leda. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Wata makwabciya mai son a san ta san abu ta kira Yaya ta tsegunta masa.

Yaya dillalin tayil ne, kuma dama a cike yake. Tun rasuwar babansu ya gina wa Inna ɗaki a gidansa, ya manna tayil daga ƙasa har rufi, amma ta ce ita ba inda za ta je. Ya yi lallashi, ya yi fushi, ta yi ƙememe. Da labarin ganyen nan ya iso masa sai ya kira ƙanwarsa.

"Auta, an sa wa Inna ranar aikin yanar ido. Ki rufe shagon nan naki ki je ki zauna da ita. Amma ba jinya kaɗai na aike ki ba, ki duba min ita da kyau. In kan Inna ya fara taɓuwa, ba zan bar ta ita kaɗai a hawa na uku ba, ko za ta yi shekara ba ta yi min magana ba. In kuma kin ce lafiyarta ƙalau, na haƙura, ba zan sake tayar da zancen ba. Abin da kika ce shi za a yi."

Auta mai gyaran gashi ce, kuma a wajenta babu matsalar da mai ba ya magani. Amosani, mai. Faso, mai. Ƙofa na ƙara, mai. Ta bar yaranta wajen ubansu, ta ɗauki jaka ta taho, ta kuwa san zaman uwarta a ɗakinta ko kwashe ta daga ciki, yanzu a bakinta maganar take.

Da ta shiga, hankalinta ya ɗan kwanta. Falo na ƙyalli kamar kullum, labule a goge, ko'ina ƙamshin sabulu. Inna ta fara kallon ƙafarta ta tabbatar ta cire takalmi, sannan ta amsa gaisuwa. Ba abin da ya canza. Sai da Auta ta ɗauki jakarta ta nufi tsohon ɗakinsu na yara, Inna ta ce, "Ba nan za ki kwana ba, akwai masu shi. Zo ki gaishe su."

Abin da ya fara dukan Auta wari ne, irin na ƙasa idan ruwan sama ya ɗauke. A gidan Tsaf-tsaf fa. An fitar da gadajensu. A kan teburin da suka yi karatu akwatunan gilashi ne irin na kiwon kifi, sai dai ba ruwa a ciki, baƙar ƙasa ce fiye da rabi, da ganyaye da guntayen itace a kai. A ɗaya, dodon koɗi biyu manya kamar dunƙulen hannu sun manne a jikin gilashi. A wani, wasu ƙwari masu sheƙi suna hawa kan juna. Inna ta wuce su duka, ta ɗaga murfin babban akwatin, ta zura hannun nan nata da bai taɓa yarda da ƙura ba cikin ruɓaɓɓen ganye, ta ɗago.

Abin ya kwanta a tafin hannunta, ya zarce tsintsiyar hannu, ya doshi gwiwa. Baƙi wuluk, kaurinsa ya fi babban yatsa, ga ƙafafu jajaye-jajaye a ƙasa ba iyaka, suna tafiya bi da bi. Auta ta zabura. Ta ja da baya har ƙeyarta ta bugi ƙofa, jakar ta faɗi, ta tsaya baki buɗe tana kallon uwar da ta haife ta.

"Inna," ta ce da ƙyar, "mene ne wannan?"

"Ƙadandoniya ce mana. Duk makarantar da aka sa ki ba a nuna muku ba?"

"Ƙadandoniyar da na sani ba ta wuce yatsa ba. Wannan ai tiyo ce."

"Rage murya, ba ta son hayaniya." Inna ta kawo abin kusa da fuskarta, saitin idon da ke gani. "Matiron, ga autar tawa da nake ba ki labari. Kada ki damu da ita, tun tana ƙarama ko gara ta gani sai ta hau kujera."

Sunan shugabar ma'aikatan jinya ta ba ta, wai don tafiyarsu ɗaya: a hankali, ba sauri, amma ba lungun da ba za a leƙa ba. Auta ba ta yi dariya ba. A ranta cewa take, shi ke nan, Yaya ya yi gaskiya, Inna ta tafi. Ta koma falo ta zauna a bakin kujera, ta ɗage ƙafafunta daga ƙasa, hawaye na neman zubo mata.

Inna ta wanke hannu ta zo ta zauna, ta ba ta labarin ba tare da an tambaye ta ba. Bayan ta ajiye aiki, babansu kuma ya rasu, gidan ya zama ba mai ɓata shi. Ta yi shara da safe, da rana ta duba, ba abin sharewa. Ta wanke labulen da ba su yi datti ba har suka koɗe. Wata rana ta sayo tukunyar fure wajen wani mai sayar da shuke-shuke, don dai ta sami abin da zai riƙa zubar da ganye ta share. Tana ajiye tukunyar a baranda sai ga abu ya fito daga cikin ƙasar. Ta cire silifas ta ɗaga. Abin ya naɗe kansa kamar gammo ya yi lamo.

"Na tsaya da takalmi a sama ina jira ta miƙe in sami wurin duka. Da ta miƙe kin san me ta yi? Sai ta lanƙwaso kai ta kama wanke ƙafa. Ɗaya bayan ɗaya, Auta. Ta kama wannan da baki ta tsabtace, ta saki, ta kama ta gaba. Ƙafa ɗari da ɗoriya, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Ku da kuke da biyu-biyu sai na bi ku da soso. Na ce wannan baiwar Allah ba ni zan kashe ta ba."

Mai shuke-shuken ne ya samo mata akwatunan, shi ya gaya mata abin da kowanne ke ci. Da ta ji cewa ƙadandoniya ruɓaɓɓen abu take ci ta mai da shi ƙasa mai kyau, sai ta ce ashe ma abokiyar aiki ce. Shekaru ke nan suna tare, kuma duk zuwan da 'ya'yanta ke yi ɗakin a kulle yake, ta ce musu tarkace ne a ciki.

Auta ta kwana a kujerar falo, bayan ta cusa tsumma a ƙasan ƙofar ɗakin. Amma dubawa aka aiko ta, don haka ta duba. Abin da ta gani a kwanakin da suka rage kafin aikin ya fi na farko ɗaure mata kai. Tsohuwar ba ta manta maganin hawan jininta ko sau ɗaya ba. Ta san ganyen bishiyar da ake ɗauka da wanda ba a ɗauka, ba ta tsinta a inda ake feshi. Tana daka ɓawon ƙwai ta barbaɗa musu don ƙarfin jiki, tana yanka kokwamba sirara-sirara, tana fesa ruwa da irin kwalbar da Auta ke jiƙa gashi da ita a shago. Kuma tana dariya. Rabon Auta da jin Inna ta ƙyaƙyata tun babansu na da rai, sai ga shi tana yi don dodon koɗi ya suɓuce daga jikin gilashi ya kife.

Wata yamma Inna ta ce, "Miƙo hannu." Auta ta ce Allah ya kiyaye. Inna ta ce, "Ke da kike sa hannu a kan mutanen da suka yi wata uku ba su tsefe ba?" Auta ta rufe ido ta miƙa. Ta yi zaton sanyi da yauƙi, sai ta ji kamar ana ja mata buroshin haƙori a kan fata. Ta buɗe ido ɗaya. Matiron ta tsaya a tsintsiyar hannunta tana tattaɓa agogonta da 'yan ƙahonninta biyu, ta gama bincike ta wuce. Kunya ta kama Auta, don ta tuna hukuncin da ta yanke wa uwarta ranar farko.

Ta fita baranda ta kira Yaya. "Kan Inna ya fi nawa da naka. Ka bar ta a ɗakinta."

"To ganyen fa?"

"Kiwo take yi."

"Kiwo a bene? Zomo ne?"

"Kusan haka," in ji Auta, don ta san yayanta, in ya ji gaskiya ta waya da motar kwasar kaya zai iso. Gara ya zo ya gani da idonsa, ita kuma tana tsaye a bayan Inna. Yaya ya ce to, shi zai ɗauko Inna ranar sallama, in ya ga abin da ta faɗa magana ta ƙare.

Aikin yanar ido ba wani abu ba ne, a yi maka da safe ka koma gida da yamma. Amma jinin Inna ya hau da ta ga kanta a kan zanen gadon da ba ita ta wanke ba, likita ya ce sai ya sauka kafin a taɓa ta. Ta kori Auta gida. "Ni nan na san kowa. Je ki kula min da su. Ruwa safe da yamma, kokwamba sabuwa, ki cire tsohuwar."

Auta ta yi yadda aka ce. Dodon koɗi suka ci, ƙwari suka ci. Kokwambar Matiron kuwa yadda aka ajiye ta haka ta yi yaushi. Ta ɗaga ɓawon itacen da take kwanciya a ƙarƙashi, wayam. Washegari ma haka. Ita da ke ɗage ƙafa kwanakin baya, yanzu ga ta a rarrafe tana bin ƙasan kujeru tana kiran ƙadandoniya da suna. Da abin ya ishe ta ta kira wayar Inna, ta kuwa yi rashin sa'a, daidai lokacin ana shirin shiga da ita ɗakin tiyata.

"Inna, ban ga Matiron ba. Ba ta ci ba, ba ta fito ba."

"Ayya, ashe lokacin ya yi. Kwantar da hankalinki, tana can ƙasa. Saɓa take yi."

Wata murya ta ce, Mama kawo wayar nan, aka kashe.

Saɓa. To wannan kalma Auta ta san ta. 'Ya'ya uku ta haifa, kowanne sai da ya yi saɓa yana jariri, fata ta yi fari-fari tana ɓarewa a hannu da ƙafa. Kuma wa ke zuwa ta ɗora jaririn a cinya tana shafe shi da man zaitun gaɓa-gaɓa? Inna. Ita ce mai cewa fatar da ke saɓa ba a barinta a bushe, tsagewa take yi. A shago ma haka ne, kan da ke saɓa mai yake nema. Auta ta tsaya a gaban akwatin tana tunanin baiwar Allah can a binne, fata na tsattsagewa, mai kula da ita na kwance a asibiti. Tausayi ya kama ta, na gaske. Ta ce yau dai za ta yi wa Inna abin da Yaya da tayil ɗinsa duka bai taɓa yi mata ba. Allah sarki Auta.

Ta ɗauko cokali ta fara tono, da ta ga cokalin zai iya yi mata rauni ta ajiye ta sa yatsu. Can kusa da gindin akwatin yatsanta ya faɗa wani ɗan kogo mai santsi. Matiron na ciki a naɗe, sai dai ba baƙar nan mai sheƙi ba ce. Ta yi fari-fari, ta yi taushi kamar burodin da ya sha shayi, tsohon ɓawon jikinta ya tsage ta wajen kai ya zame zuwa rabi ya tsaya. Auta ta ce, "Sannu, kin sha wuya." Ta ɗago ta da hannu biyu, tana jin jikin na lotsawa a ƙarƙashin yatsunta, ta shimfiɗa ta a kan ƙaramin tawul.

Ta ja sauran ɓawon don ta taimaka mata. Ya fito, amma da waɗansu ƙafafu a jikinsa. Sai ta ce ai bushewa ce ta jawo, ta yi maza ta ɗauko kwalbar man zaitun daga jakarta. Da auduga ta bi ta, tun daga kai har wutsiya, gefe da gefe, ba ta bar wuri ba, don Auta in ta kama aiki ba ta ha'inci. Ƙafafun suka yi ta motsi da sauri, daga baya suka rage, suka koma ɗaya-ɗaya. Auta ta ce daɗi ta ji, barci zai ɗauke ta. Ta rufa mata gefen tawul ɗin, ta je ta ɗora girki ranta fes.

Da safe ta ɗaga tawul. Matiron ta miƙe sambal, ta yi duhu-duhu, tana ƙyallin mai. Ta taɓa ta, ba ta naɗe ba. Ta hura mata iska, ta ɗiga mata ruwa, ta kawo kokwamba saitin bakinta. Daga nan Auta ta zauna daɓas a ƙasa, kwalbar man na gefenta. A haka Yaya da Inna suka same ta, don a ranar aka yi sallama.

Yaya ne ya fara leƙowa, riƙe da ledar magunguna, yana cewa ina zomayen. Ya kalli akwatunan, ya kalli ƙasar da aka tone aka zube a kan tebur, ya kalli abin da ke kan tawul, sannan ya kalli ƙanwarsa da kumburarrun idanu. Mutumin da bakinsa ba ya mutuwa a kasuwa, sai ga shi ya yi mutuwar tsaye.

Inna ta raɓa ta gefensa, ido ɗaya rufe da bandeji. Ta durƙusa da ƙyar, ta shafi bayan Matiron, ta murza yatsunta, ta kai hanci.

"Man zaitun," ta ce.

"Kin ce saɓa take yi, Inna."

Inna ta kalli ramin da aka tona. "Ta gefen jikinta take numfashi. Wasu 'yan ƙofofi ne ƙanana kusa da ƙafafu, kin toshe su. In za ta yi saɓa rami take haƙa ta shige ta rufe, ta yi makonni. Ba a tono ta, ba a taɓa ta, ko akwatin ba a motsawa. Ita ke fitowa da kanta in sabon jikin ya yi ƙwari."

"Me ya sa ba ki gaya min ba?"

"Na ce miki saɓa take yi." Inna ta juyo da idon nan guda ta dube ta. "Na ɗauka na gaya miki ke nan."

Sai a lokacin bakin Yaya ya dawo. Bai ɗaga murya ba, da ma ɗagawar ya yi da ya fi sauƙi. "Auta, ke na aiko ki duba min hankalin Inna. Na zo na tarar kin yi wa ƙwaro wankan mai kina zaman makokinsa. Yanzu shaidar wa zan karɓa a cikinku?"

Auta ta miƙe tana share fuska da bayan hannu. Ta ce laifinta ne ita kaɗai, Inna shekara da shekaru tana kiwon nan ko ɗaya bai mutu a hannunta ba. Ta ce shi ya yi alkawari abin da ta ce shi za a yi, to ta ce a bar Inna a ɗakinta. Da ƙarfinta duka ta faɗa, amma ita kanta tana jin yadda maganar ke fita ba nauyi, ga maiƙo har yanzu a farcenta. Yaya ya buɗe baki zai amsa, Inna ta ɗaga hannu.

"Ku bari." Ta naɗe Matiron a tawul ɗin, ta ninke gefe da gefe yadda take ninke kayan asibiti. "Ba laifinki ba ne, Auta, abin da na koya miki kika yi. Amma ki duba. Ido ɗaya aka taɓa, kwana kaɗan na yi, ga abin da na tarar. Gobe in ƙafa ce fa? In na faɗi a banɗaki aka kwantar da ni wata guda? Duk duniya ku biyu gare ni, ɗaya bai san suna nan ba, ɗaya ta kashe Matiron da tausayi. Ba zan kulle mai rai a akwati ina sane ba ni da wanda zan bar wa shi ba."

"Ki koya min, Inna. Wallahi zan koya."

"Kina da shago da yara uku a can ƙarshen gari." Ta miƙa wa Yaya hannu ya tayar da ita. "Ka kira mai shuke-shuke ya zo ya kwashi sauran, ya san yadda zai yi da su. Ɗakin nan naka kuma, in yana nan, ka zo da mota."

Yaya da ya yi shekaru yana neman wannan kalma, da ya same ta sai ya rasa inda zai sa ta. Ya ce, "Inna, ba yanzu ba, ki huta tukuna a yi magana." Ta ce ta gama magana. Auta da kanta ta sauko da akwatunan ɗaya-ɗaya, tana tafe tana share hanci a kafaɗa, makwabta na leƙe ta ƙofofi. Inna ba ta fito baranda ta ga tafiyarsu ba.

Bayan an cire bandejin Auta ta je gidan Yaya. Ɗakin ba laifi, kowa ya gani sai ya yaba. Tayil fari tas, taga da raga, matar Yaya na kawo abinci a kan lokaci, jikoki na shigowa su gaishe ta su fita. Inna na zaune a bakin gado, hannuwanta biyu a kan cinya. Tunda Auta take ba ta taɓa ganin hannuwan nan a ajiye ba, abin ya ba ta tsoro. Ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, ta rasa ta inda za ta fara, sai ta ce, "Inna, yaya idon?"

"Ido ya buɗe tar, likitan ya iya aiki. Har zaren labule nake gani." Ta juya kai a hankali ta bi ɗakin da kallo, kusurwa-kusurwa. "Na duba ko'ina, Auta. Ƙasan gado, bayan ƙofa, bakin taga. Ko kiyashi babu."

Auta ta girma tana jin wannan magana a bakin uwarta, kuma a da babu yabon da ya fi ta. Yau kuwa ta ji ta kamar sanarwar rasuwa. Ta kifa kai a gwiwar Inna ta yi kuka, Inna ba ta hana ta ba.